Kada a Kai Tsohon Injin Jirgi Sikeli Sai an Karanta Lambarsa

A ranin da ya wuce aikin gyaran rijiyoyi ya kai mu ƙauyukan bakin tafkin Kainji, wajen Yelwan Yawuri. Ba zancen injin jirgi ya kai mu ba. Amma a wata tunga, bayan mun tashi daga sujadar safe, wata gwauruwa ta ce mu biyo ta gida. Ta durƙusa ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, an naɗe shi da tsohon buhu an ɗaure da igiyar taru.

Ta ce, "Malamai, ku duba mini wannan. Na marigayi ne. Tun kafin ya kwanta ciwo ya daina tashi, aka ce masa ba a samun kayansa ko a Kano. Yanzu 'yan gwangwan sun zo har sau biyu, suna so su ɗora shi a sikeli. Ga kuɗin makarantar ƙananan yara, ga babban yana fita su da filafili."

Muka kwance buhun. Injin jirgi ne mai launin toka, fentin ya kakkarce, an rubuta Mariner a jikin murfin. Mu ma ba mu san abin da za mu ce mata ba. Abin da muka iya kawai shi ne muka roƙe ta ta dakata mako biyu. Da muka koma Yelwa muka nemi wani tsohon makaniki da ke da rumfa a bakin ruwa, wanda masu jirage suka ce tun yana yaro yake wannan aiki. Ba ɗan ekklesiya ba ne, amma da ya ji labarin bai nemi ko kuɗin mota ba. Da ya zo bai kula da fenti ba, bai kula da sunan da ke kan murfin ba. Ya jiƙa tsumma da fetur ya goge wani ɗan faranti da ke jikin maƙalar injin, watau ƙarfen da ake ɗaure shi da shi a bayan jirgi. Ya karanta, ya ja igiyar a hankali sau biyu, ya yi dariya.

Ya ce, "Inna, wannan ba gawa ba ne, barci yake yi."

Abin da ya gani a farantin nan shi ne lamba mai farawa da 684, da kuma rubutun da ke nuna a Japan aka ƙera shi. Daga tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Amurka mai sunan Mariner ya yi yarjejeniya da Yamaha, har shekara da shekaru Yamaha ne ke ƙera masa ƙananan injunansa. Saboda haka injin marigayi Yamaha ne mai ƙarfin doki 15, rigar Mariner kawai aka sa masa. Shi marigayi ya yi ta tambayar kayan Mariner a kasuwa ana ce masa babu, alhali kuwa kayan suna rataye a shagon da ake faɗa masa haka.

Tun daga ranar muka sa ido, muka ga ashe irin wannan kaya ya cika gidajen bakin ruwa. Wani a bayan rumbu, wani a rataye a bishiya, wani kaji na ƙwai a cikin murfinsa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta muku abin da muka koya.

Inda injunan nan suka fito

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da yawa na Gungawa, aka tashi mutane fiye da 40,000. Inda dā kogin Kwara ne, wanda mutum zai haye da filafili ko gora, sai ga tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, faɗinsa kuwa a wani wuri ya kai kilomita 24. Ruwa mai faɗi haka yana da igiya, idan iska ta taso ba wasa. Masunta, Sarkawa da sauransu, da masu ɗaukar mutane zuwa kasuwa, duk suka ga tilas a nemi inji. Haka nan a tafkin Cadi, masu kai banda Baga sun daɗe da sanin amfaninsa.

Shi kansa injin ya girmi tafkin ƙwarai. Wani mutum mai suna Ole Evinrude, haifaffen ƙasar Norwe a 1877 wanda iyayensa suka kai shi Amurka yana yaro, shi ya fara sayar da irinsa da yawa a birnin Milwaukee daga 1909. An ce abin da ya sa shi ƙera shi, wata rana ce ya tuƙa kwalekwale cikin zafin rana don ya sayo wa budurwarsa abin sanyi, kafin ya komo ya narke. Injinsa na fari ƙarfin doki ɗaya da rabi ne. Wasu 'yan'uwan juna masu suna Johnson suka fito da nasu a farkon shekarun 1920, daga baya sunayen biyu suka koma ƙarƙashin kamfani ɗaya. Mercury ya biyo baya a 1939. A Ingila aka yi Seagull tun 1931. Mutanen Japan su ne 'yan baya: Tohatsu a 1956, Yamaha a 1960, Honda a 1964, Suzuki a 1965. Amma su ne suka zo suka mamaye ruwayenmu, musamman Yamaha da irin injinsa da ake kira Enduro, wanda aka yi domin aikin wahala na kullum da gurɓataccen ruwa.

Wannan tarihi ba na jin daɗin baki ba ne kawai, gama yana gaya mana wanda ke da rai da wanda ya mutu. An daina ƙera Seagull a 1996. Kamfanin da ke da Johnson da Evinrude ya karye a ƙarshen shekara ta 2000, wani kamfanin Kanada ya saye sunayen. Shi ma ya ajiye sunan Johnson bayan 2007, sa'an nan a watan Mayu na 2020 ya daina ƙera Evinrude ɗungum. Watau duk mai ɗaya daga cikin ukun nan, ya sani ba sabo da zai sake fitowa. Mataccen injin maƙwabcinsa shi ne kantinsa.

Yadda za a gane inji

Abu na fari, kada ku gaskata murfi. Murfi ana musanya shi, fenti ana sāke shi, takardar suna kuwa ana sayar da ita a kasuwa. Mun ga injin da aka manna wa sunan Yamaha, da aka buɗe sai ga kwaikwayo ne na ƙasar Sin. Ba mu ce kwaikwayon ba ya aiki ba, har ma kayansu kan shiga na juna, amma ba kuɗinsu ɗaya ba.

Ku nemi farantin lamba a jikin maƙala. Idan datti ya rufe shi, a goge da tsumma da fetur ko kananzir. Kada a kankare da wuƙa ko yashi, gama rubutun ba zurfi gare shi ba. Idan ya dushe, a shafa masa alli ko toka a share sama sama, farin zai zauna cikin ramin haruffan. A rubuta duk abin da ke kai, harafi da lamba, kada a tsallake ko ɗaya.

A injin Yamaha akwai suna kamar E15D ko E40G, sa'an nan akwai wata gajeruwar alama mai haruffa da lambobi uku. Ita wannan ce mai muhimmanci, domin da irinta lambar kayan gyara ke farawa. Alal misali 6B4 na E15D ne, 63V na kayan 15F ne, 66T na E40X ne, 677 na E8D ne, 688 kuwa na babban nan 85A. Kun ga E15D da 15F duka ƙarfin doki 15 ne, amma ba gida ɗaya suka fito ba. Wanda ya je kasuwa ya ce a ba shi kayan "sha biyar" kawai, yana iya komowa da abin da ba zai shiga ba, ga kuɗin mota ya tafi. Akwai kuma harafin S ko L. S gajeruwar ƙafa ce, ta jirgin da katakon bayansa ya kai kamar inci 15. L doguwa ce, ta inci 20. Gajeren inji a dogon jirgi farfelarsa za ta riƙa shaƙar iska, famfonsa ba zai sami ruwa sosai ba.

Na Johnson da Evinrude suna faɗin shekararsu da kansu, in mutum ya san dabarar. Daga 1969 zuwa 1979 Johnson kan rubuta shekarar a fili: 25R75 yana nufin ƙarfin doki 25, na jan igiya, na 1975. Evinrude kuwa lamba ɗaya yake sakawa bayan ƙarfin doki, kamar 25502, inda 5 ta tsakiya ke nufin 1975. Daga 1980 suka ɓoye shekarar cikin wata kalmar Turanci mai haruffa goma, INTRODUCES. Harafin fari, I, shi ne 1, N shi ne 2, T 3, R 4, O 5, D 6, U 7, C 8, E 9, S kuwa 0. To idan kuka ga J25RCR, ku ɗauki CR na wajen ƙarshe: C 8, R 4, watau 1984. Sau da yawa akan ƙara harafi ɗaya a bayansu, wannan ba ya cikin lissafi. Idan farantin ya faɗi, a cire murfi a duba jikin injin kansa, akwai wani ɗan faifai fari kamar kwabo da aka buga a ciki, yawanci da lamba a kansa.

Waɗanda suka fi waɗannan tsufa suna da alamunsu. Johnson na farkon shekarun 1950 kore ne, da hoton dokin ruwa. Idan kuma kun ga bakin tiyon mai yana da hanya biyu, ɗaya ta mai ɗaya ta iska, to injin na kafin 1960 ne, kuma ba zai sha mai daga tankin zamani ba sai an sa masa famfon mai.

Seagull ba ya ɓuya. Yawancinsu ba su da murfi sam. Faifan da ake naɗa wa igiya a fili yake, ga ɗan tankin mai a kwance a bayansa, a tsofaffin na tagulla ne an shafe da baƙin fenti. Lambarsa a jikin kaskon inji aka buga ta, tana farawa da haruffa kamar SJP ko LLS ko WS. Tsohon makanikin nan ya ce a yarintarsa a hannun Turawa da ma'aikatan gwamnati ya fi ganinsa. Ba gudu gare shi ba, ga ƙara, ga hayaƙi, amma yana tura jirgi mai nauyi, kuma kayan cikinsa ba su da yawa balle su lalace.

In duk lamba ta ɓace, sifana kan ba da labari. Injin Japan sifanar milimita yake karɓa, tsohon injin Amurka ta inci, Seagull kuwa wani tsohon awo na Ingila da ake kira Whitworth, wanda ba ɗaya daga cikin biyun da ke kama shi daidai. Duk inda kuka ga kan noti ya lanƙwame, an yi masa dole ne da sifanar da ba tasa ba.

Sai dai a nan akwai gargaɗi. Farantin da tsufa ya cinye daban yake da wanda aka goge da gangan. Ana satar inji a bakin ruwa, ɓarawo kuwa lamba yake fara kashewa. Kada ku sayi irin wannan komai arharsa. Kowane ciniki a yi shi gaban sarkin ruwa ko mai unguwa, a rubuta lamba a takarda, shaidu su sa hannu.

Zancen gauraya mai

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa sanin shekara ya zama tilas. Kusan dukan tsofaffin injunan nan ba su da wurin zuba baƙin mai dabam, a cikin fetur ake gauraya shi, kuma kowane zamani da nasa awo. Yawancin Yamaha Enduro kashi 1 na baƙin mai ne cikin kashi 50 na fetur, watau rabin lita a jarka mai lita 25. Johnson da Evinrude daga 1964 su ma haka. Amma na kafin 1964 suna bukatar 1 cikin 24, wasu ma 1 cikin 16, watau lita guda ko fiye a jarkar nan. Tsohon Seagull 1 cikin 10 ne, lita 2 da rabi ke nan a jarka ɗaya, sai daga wajen 1978 aka mai da shi 1 cikin 25.

Yanzu ku duba abin da kan faru. Saurayi ya gāji Seagull, ya ga maƙwabcinsa mai Yamaha yana zuba rabin lita, shi ma ya zuba haka. Injin zai tashi, har ya fi dā rashin hayaƙi, yaro ya yi murna. Ba a daɗe ba fistin ya kama. Sai a ce tsufa ne ya kashe shi. Idan an yi wa inji sabon zobe ko sabon fistin, a ninka baƙin man a jarkokin farko. Kuma man da aka juye daga mota ba mai ba ne, ko da kyauta aka ba ku.

Kafin a kashe ko kwabo a kan tsohon inji, ga abin da makanikin ya nuna mana. A ja igiya a hankali. Idan ta yi tauri ta saki, ta yi tauri ta saki, akwai numfashi a ciki. Idan ta zo salalaf kamar ba kome, zobe ya tafi. Idan ta ƙi motsi, kada a yi mata ƙarfi. A cire filogi a zuba ɗan mai a ramin, a bar shi kwanaki. Sa'an nan a jingina filogi a jikin inji a ja, a ga ko akwai wuta shuɗiya. A kwance notin man giya na ƙasa: idan man ya fito fari kamar nono, ruwa na shiga, idan kuma da ɓarɓashin ƙarfe, giya ta ci kanta. Daga ƙarshe, kada a tā da inji a tudu ko na minti ɗaya. Famfon ruwan yawancinsu roba ce mai fukafukai, in ta juya a bushe nan take take ƙonewa. A sa ƙafar injin cikin duro cike da ruwa, a tabbata ruwa na fita ta baya. Robar da ta yi shekaru a kwance kuwa a sāke ta kawai, ba sai an gwada ba.

Abin da ya sa muka fara tarawa

A Amurka akwai ƙungiyar masu tara tsofaffin injunan jirgi tun 1965. Suna wanke su, su yi musu fenti irin na asali, su taru su nuna wa juna, su yi musayar kaya. Su suka adana littattafan gyara da jerin lambobi waɗanda kamfanonin da suka mutu suka bari, kuma da yawa daga abin da muka faɗa a sama ta hanyar irinsu ya tsira. Amma da labarin ya bazu cewa muna tambayar tsofaffin injuna, wani ya kawo mana ruɓaɓɓen Johnson ya sa masa kuɗin saniya, wai ya ji Turawa na saye. Muka ce masa ya yi haƙuri. An ƙera irin nasa dubbai bisa dubbai, ko a can ba tsada yake ba, kuɗin kai shi ma ya fi kuɗinsa. Su sha'awa ce ta sa su tarawa. Mu kuwa kwayil muke nema, da kafireta, da farfela.

Ɗan gwangwan yana sayen nauyi ne kaɗai. Abin da ya ɗauka yakan ƙare a wurin masu zubin tukunyar dalma. Ba mu raina sana'arsa ba, tukunya ma abin amfani ce. Amma kafireta ɗaya mai kyau ba ta kai nauyin mudun gero ba, ga shi kuwa tana iya tā da jirgin da ke ciyar da gida guda. Wani dattijon ekklesiya da muke shawarar nan da shi ya tuna mana cewa ko a ranar da Ubangiji ya ƙosar da taron mutane, sai da almajirai suka bi suka tsince gutsattsarin.

Dattawa suka ba mu wani ɗaki a bayan majami'a. Tsarin mai sauƙi ne. Wanda ya kawo mataccen inji, a rubuta sunansa da lambar injin a littafi, a ɗaura wa injin kwali mai lamba ɗaya da ta littafin. Injin yana nan nasa. Idan an ciri wani abu an sayar, a ba shi kuɗinsa, a cire kaɗan domin makaniki da kuɗin kwaɗo da kananzir. Kowane abu da aka cire a wanke, a shafa mai, a sa a gwangwani a rubuta daga wane inji ya fito. Mun koyi wannan da wahala, gama a farkon fari mun zuba ƙananan kayan injuna uku a kwano ɗaya, har yau ba mu gama raba su ba. A jingina inji a tsaye, kansa sama, kada ruwan da ya rage a ƙafa ya gangara cikin silinda. Abin da ya fashe ba gyara, shi ne rabon ɗan gwangwan. Ɗakin na kowa ne, Kirista da Musulmi, gama tafkin ɗaya ne.

Kada kuma wani ya ɗauka muna cewa kowane tsohon inji ya cancanci gyara. Irin waɗannan injuna suna zubar da wani kashi na mansu cikin ruwa bai ƙone ba, har akan ce yana kai kashi 1 cikin 4. Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayu na 2023, wannan ba ƙaramar hasara ba ce, ban da ɓata ruwan da kifi ke ciki, wanda mu ma muke sha. Babban tsohon inji mai shan mai kamar raƙumi gara a raba shi kayan gyara. Ƙaramin da aka tayar kuwa ya yi su kusa da gaɓa, ko ya zauna a matsayin na biyu. Ba mu yarda a ɗora masa mata da yara da buhuna a haye tsakiyar tafki ranar kasuwa ba. Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Mayu na 2021 ba, sa'ad da jirgi ya tsage kusa da Wara a ƙasar Ngaski, mutane fiye da 100 suka halaka ko suka ɓace. Lodi ne ya yi wa tsohon jirgi yawa. Mai jirgin da ya raina nauyi shi ne kuma mai fita ba filafili, ba filogi na biyu, ba ƙusar farfela a aljihu.

Injin gwauruwar nan robar famfo ya ci, da filogi biyu, da kwayil ɗaya wanda aka ciro daga wani mataccen Yamaha na ƙauyen da ke kusa. Kafiretarsa wanki kawai aka yi mata, gama tsohon mai ne ya daskare a ciki kamar ƙaro. Zumuntar mata ta ranta kuɗin, za a biya bayan watanni shida. Ranar da aka gwada shi a duro ya tashi a ja na huɗu. Makanikin ya sa yaron ya rubuta 684 da fenti a cikin murfin, da awon mai a ƙarƙashinsa, ya kuma sa shi ya kwance filogi ya mayar har sau uku a gabansa kafin ya bar shi ya ɗauka.

Masu irin wannan kaya a gida, ku kwafi abin da ke kan farantin ku ba mai bishara na ƙauyenku, ko ku kawo da kanku ranar kasuwar Yelwa. Ba sai kun ɗauko injin ba tukuna. A yanzu abin da muka fi nema shi ne ƙafar E15D doguwa, da tanki mai tiyo biyu, ko da ya yi tsatsa.